Kifayen Birkar Shafa

Shisha, Makka
Ƙarshen Jimada Akhir

Zuwa ga aminiyata Safara'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da Malam da 'yan matan gidanki. Yaya gwiwar taki? Kina dai shan maganin, ko har yanzu taurin kan nan na makaranta bai sake ki ba? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Kamar kullum da hannu na rubuta, Marwan zai ɗauki hotonta da waya ya turo miki. Ɗan nawa ya kusa talatin amma bai iya karanta Hausa ba, to ba ni da fargabar ya leƙa.

Kin tambayi jikin 'yata Nuha. Cikin ya shiga wata na bakwai, sai dai jininta ya hau, an kwantar da ita a asibiti a Ɗa'ifa, an ce ba za ta tashi daga gado ba sai ta sauka. Bayan shekarun nan na jira da ɓari biyu, kin san inda zuciyata take. Mijinta Sami yana can tare da ita, daga wurin aiki sai asibiti. Abin da ya sanyaya mini rai shi ne ta amince in ta haihu ta zo gidana wankan jego. Ummu Sami, wato surukarta, ta so ta riƙe ta a Ɗa'ifa, na ce haihuwar fari ta gidan uwa ce, ko a Kano ko a Makka. Na kwashe kayan ɗakin marigayi maigidana, na sa an yi fenti, na sayi babbar tukunya. Matan benenmu duk sun sani, har an fara rabon wanda zai kawo me.

Yanzu ki ji abin da na tarar a gidansu, don ki ga irin yaran zamani.

Kin san ba a cikin garin Ɗa'ifa suke zaune ba, can saman dutse suke, a Shafa, a gidan gonar wardi da mahaifin Sami ya bari. A bayan gidan akwai birka, ɗan tafkin siminti da marigayin ya gina don ban-ruwa, faɗinsa bai fi tabarma biyu ba, zurfinsa zuwa ƙugu. Tun Sami yana yaro tsohon ya zuba wasu ƙananan kifaye jajaye a ciki don su riƙa cinye tsutsar sauro. Ba su fi yatsa ba, ba a cin su, ba a sayar da su. Suna ta hayayyafa har yau. Nuha kuwa ta ɗauke su kamar 'ya'ya. Na sha faɗa mata, matar aure ta zauna bakin ruwa tana kallon kifi, da Alƙur'ani ta ba wannan lokacin da ta sauke sau nawa.

Da na je duba ta, ta ba ni makulli in ɗauko mata kayan sawa. Har na kai ƙofa ta kira ni, ta ce don Allah kada in ba kifayen abinci, kada in taɓa birkar. Wai in sanyi ya shigo ƙasa suke sauka su kwanta, ba sa cin komai sai gari ya yi ɗumi, in an ba su abinci ruɓewa yake a cikinsu. Na gyaɗa mata kai kawai, mai hawan jini ba a musu da ita.

Safara'u, sanyin Shafa ba irin wanda muka sani ba ne. Kina magana hayaƙi na fita daga bakinki. Na leƙa birkar nan, na ga ruwa kore shar, ga ganye ya ruɓe, ga taɓo. Na tsoma yatsa, kamar ruwan firji. Can ƙasa ga bayin Allah sun taru wuri ɗaya, ko motsi ba sa yi. Marwan ya ce rabonsu da abinci tun farkon sanyi. Na ce inna lillahi. Ni da nake karantar da mata kowace Alhamis, nake ba su labarin matar da ta ɗaure kyanwa da yunwa har ta mutu, a ce 'yar cikina ce ke yin wannan?

Na sa Marwan ya buɗe magudanar ruwan. Ya tsaya wai Nuha ta ce a bari. Na tambaye shi tsakanin ni da Nuha wa ta haifi wata. Muka kwashe su da kwandon tace shinkafa, ko gudu ba su iya yi, muka zuba a babbar kular ruwa. Na ɗaure zane na shiga birkar da burushi da kuloreks, ruwan bilicin nan na wanke banɗaki, na kwashe taɓon nan, na goge ta har ta yi fari fat, muka cika ta da sabon ruwa. Muka sauko da kifayen ta hanyar Hada mai gangarowa Makka, ina rungume da kular a kujerar baya, kunnuwana na toshewa.

Yanzu suna saman benenmu a babban baho, a cikin rana. Ina canja musu ruwan famfo safe da yamma, ina ba su ɓurɓushin burodi da dafaffiyar shinkafa. Ki ga yadda suke zillo! In sanyi ya wuce sai in mayar mata da abinta da ƙiba. Ki karanta wa 'yan matanki wannan, su san tausayi ba a littafin boko ake koyonsa ba.

Ban dai faɗa wa Nuha ba tukuna. Ina jira jikinta ya yi ƙwari.

Ki gaida Malam da kyau, ki gaida yara.

Taki har kullum,
Mujahida


Shisha, Makka
Rajab

Aminiyata Safara'u,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarki da ta iyali. Allah ya sa gwiwar ta yi sauƙi. Idan ba ki riga kin karanta wa yaran takardata ta baya ba, ki bari. Idan kin karanta, to wannan kam ki riƙe a tsakaninmu.

Kifayen sun mutu. Duka.

Abin da na ɗauka zillon murna ne, ashe wahala ce. Washegarin da na rubuto miki na hau sama da burodi, na tarar sun taso saman ruwa suna buɗe baki kamar masu neman iska. Na ce ko ruwan ne ya yi datti, na zubar na sake tara sabo. Zuwa azahar wasu sun juya gefe. Na janye bahon zuwa inuwa. Na ƙara musu abinci ko ƙarfi ne babu. Har zamzam na zuba musu, jarka guda, ina karanta duk abin da ya zo bakina. Kullum in na hau sai in tsame wasu, cikinsu a kumbure, jan nan nasu ya koɗe. Na ƙarshen wani ɗan ƙarami ne mai ɗigon baƙi a baya. Ya fi sauran daɗewa, har na sa rai. Shi ma ranar Juma'a na tarar da shi.

Marwan ya duba a wayarsa ya karanto mini. Wai ba a ɗauke kifi daga ruwan sanyi a jefa shi na ɗumi kai tsaye, wai ruwan famfonmu akwai magani a ciki da yake ƙona musu wurin numfashi, wai koren ruwan nan da taɓon da na kira ƙazanta su ne gidansu. Na ce ya rufe mini baki. Ba don ƙarya yake ba. Don rabin abin da ya karanto na riga na ji shi daga bakin Nuha, tana kwance da ƙarin ruwa a hannu.

Na ƙulle su a baƙar leda, na sa niƙabi, na sauka da kaina na kai kwandon shara na bayan layi, ba na ƙofar gidanmu ba, don kada mai gadin bene ya gani. Ina tafe ina waige. Ni Mujahida, da leda a ƙarƙashin abaya.

Amma ba wannan ne ya hana ni cin abinci ba.

Ranar Asabar muka hau Ɗa'ifa duba ta. Ta kumbura, fuskarta har ta canja, amma da ta gan ni ta yi murmushi. Na kai mata farfesu. Muna cikin hira sai ta tambaye ni ko na leƙa birkar ranar da na je ɗaukar kaya, yaya na ga kifayen. Marwan yana tsaye jikin taga. Na buɗe baki na ce lafiyarsu ƙalau, suna nan kwance yadda ta ce. Haka maganar ta fito sumul, ko sarƙewa ban yi ba. Marwan ya fita waje.

Sai ta saki jiki tana ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ta ce bayan ɓarinta na biyu, lokacin da kowa ke zuwa yana ce mata ta yi haƙuri, ta yi ta istigfari, ba ta iya zama cikin mutane. Sai ta yafa bargo ta je bakin birkar. Ta ce su kaɗai ne ba sa ce mata komai. Ta ce duk sanyin shekarar tana kallonsu a kwance tana cewa sun mutu, sai wata safiya ta ga sun taso suna yawo, har da 'yan ƙanana kamar zare. Ta ce ranar ta fara cin abinci da daɗi. Tana so ta nuna wa abin da ke cikinta su, in Allah ya raya.

Kin san wace ce ta fi kowa ce mata ta yi istigfari a lokacin. Ni ce.

Na tuna tana 'yar firamare ta fasa mini kofin shayi na gilashi, ta ce kyanwa ce. Ban doke ta don kofin ba, na doke ta don ƙaryar, na hana ta zuwa bikin ƙawarta, na ce a gidana ana iya fasa komai amma ba a ƙarya. Har gobe ina ba mata wannan labarin a wurin karatu, ina alfahari da shi.

A hanyar dawowa Marwan ya yi ta tuƙi har muka wuce masu sayar da masara a Hada. Sai ya ce in na ga dama shi zai faɗa wa Sami. Na ce in ya yi ban yafe ba. Kin ji inda na kai: ina yi wa ɗana barazana da albarka don ya taya ni ɓoye ƙarya.

Ina gaya wa kaina don jininta nake ɓoyewa, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma ke zan faɗa miki sauran. Ina tsoron in ta ji ta fasa zuwa gidana.

Ki ba ni shawara, ki kuma sa ni a addu'a. Gaisuwa ga Malam.

Taki,
Mujahida


Shisha, Makka
Ƙarshen Rajab

'Yar'uwata Safara'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kuna lafiya. Na ji daɗin jin an sa ranar auren 'yarki Rim, Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin. Amsarki ta iso, na karanta ta har na kusa haddacewa. Kin ce in kira Sami in faɗa masa gaskiya, shi ya san yadda zai bi da matarsa. Shawara ce mai kyau. Ban bi ta ba.

Abin da ya faru, Sami ya faɗa a gabana cewa ƙarshen mako zai hau Shafa, lokacin datse wardi ya yi, ma'aikata na jiransa. Tun da aka kwantar da Nuha bai kwana a gidan ba, ma'aikatan kuma ba sa shiga bayan gida. Na ga asirina ya zo gab da tonuwa. Da mai hankali ce, da nan ta ja shi gefe. Ni kuwa sai na tashi Marwan na ce ya kai ni inda ake sayar da kifin ado.

Shago ne a Aziziyya, cike da akwatunan gilashi da fitilu, ruwa na ta ɓulɓula. Na zaga na nuna wasu jajaye masu kama da girman na Nuha. Mai shagon ya tambaya a ina za a ajiye su, na ce a gida. Ban ce masa gidan a saman dutse yake ba, kuma a waje. Ya ɗaure mana su a ledoji da iska a ciki. Ko da na taɓa ledar na ji ruwan da ɗumi, amma ban bar kaina na yi tunani a kai ba.

Muka hau Shafa da hantsi, hazo ya rufe hanya har Marwan ya kunna fitila. Birkar tana nan yadda na bar ta, fara tas, kana hango ƙasanta kamar kwanon da aka wanke. Duk wanda ya san ta zai gane an taɓa ta. To ki ji abin da uwar Nuha ta yi. Na bi gindin itatuwa ina tsintar busasshen ganye a bakin mayafina ina watsawa a ruwan. Na ɗebo ƙasa da hannuna na zuba. Ni da na shiga da burushi na fitar da datti, ga ni ina mayar da shi da tafin hannu. Marwan ya fara dariya, ya ce Ummi ko in nemo miki koren fenti. Da ya ga fuskata ya daina. Muka kwance ledojin muka juye su. Suka watsu, sannan suka yi ƙasa. Na ce wa kaina ai ga shi sun kwanta irin na da.

Da za mu shiga mota ya ce mini, da Larabci, shi ya kawo ni saboda ni uwarsa ce, amma in aka tambaye shi ba zai yi ƙarya ba, haka na tarbiyyantar da shi. Na shiga mota na ja ƙofa.

Ranar Juma'a Sami ya je. Ya tarar da su duka a saman ruwa. Sanyi ya kashe su, wataƙila tun ranar farko. Kuma ashe ban ma iya zaɓe ba. Waɗanda na saya wutsiyarsu doguwa ce, a baje kamar gyale, na mahaifinsa kuwa gajeriyar wutsiya gare su. Yaron da ya tashi da su tun yana rarrafe, kallo ɗaya ya ishe shi. Ga kuma birka fara, ga jarkar kuloreks da na manta a bayan ƙofar kicin. Ya kira Marwan, Marwan ya faɗa masa komai, tun daga kwandon shinkafa har ganyen da na watsa.

Na zauna ina jiran kira. Bai kira ba. Ranar Lahadi da yamma sai ga shi da kansa a Shisha, da ledar rumman a hannu. Ya sumbaci kaina kamar kullum, ya ce ya Khala, wato Inna, yaya ƙoƙari. Na kawo masa shayi. Ya yi hirar asibiti, ya yi hirar wardi, ya ce bana sanyi ya yi yawa. Ina ta jira ya taɓo maganar in samu in kare kaina, don na tanadi hujjojina, har da labarin matar da ta ɗaure kyanwa. Bai taɓo ba. Sai ni ce na kasa, na ce Sami, maganar kifayen mahaifinka. Ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya jiƙan mai su, komai mai ƙarewa ne. Ya ce shi abu ɗaya ne ya dame shi, kullum Nuha na roƙonsa ya ɗauko mata hoton birkar, kuma shi bai saba yi mata ƙarya ba.

Da ya zage ni, Safara'u, da na sami abin riƙewa. Wannan yaron shi ne na taɓa ce miki ban yarda da tarbiyyar gidansu ba, don na ga ƙannensa mata na tuƙa mota.

Jiya Alhamis na ce wa mata ba ni da lafiya, ba a yi karatu ba. Ita ma ƙarya ce, amma na kasa zama a gabansu in buɗe littafi.

Ban san abin da zan tarar ba in na je asibiti. Ki gaida kowa. Ki ce wa Rim ina yi mata murna.

Taki,
Mujahida


Shisha, Makka
Ƙarshen Sha'aban

Aminiyata Safara'u,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ki, ina gaida Malam, ina fata shirin azumi na tafiya daidai. Ki yafe mini shirun da na yi. Albishirinki: Nuha ta sauka. Aiki aka yi mata, an sami mace, 'yar ƙarama amma lafiyayya, an sa mata Lujain. Uwa da 'ya suna lafiya. Alhamdu lillahi, wannan shi ne babba, kuma ina tuna wa kaina haka kullum.

Sauran labarin kuma ga shi.

Bayan zuwan Sami na hau Ɗa'ifa. Na tarar da Ummu Sami a ɗakin da 'ya'yanta mata biyu. Kallo ɗaya na yi wa Nuha na san ta sani. Muka gaisa, aka zuba mini gahawa. Can sai Ummu Sami ta ce wai ta ji kifayen maigidanta sun mutu, ta tambaya garin yaya, kifin da ya ga sanyin shekara da shekaru. Muryarta ta karye, don ita ma ashe abin da ya rage mata ke nan na hannun mijinta. Na ajiye kofin, na ce yau ranar tawa ce. Kafin in buɗe baki Nuha ta ce sanyin bana ne ya fi na kullum, kuma laifinta ne da ba ta bar wanda zai riƙa dubawa ba. Ta faɗa idonta a kan bargo. Ummu Sami ta share hawaye ta ce ƙaddara ce, kada ta sa a ranta.

Ina zaune na ji 'yata ta yi ƙarya don ta rufa mini asiri, ta ɗora wa kanta. Na yi shiru na bar ta. Ni da ban taɓa rufa mata ko na kofin shayi ba.

Da suka fita sallah muka rage mu biyu. Na matsa kusa da gadon na fara bayani, cewa tausayi ne, cewa ban sani ba. Ta bar ni na gama. Sannan ta yi magana da Hausa, ita da ta fi sakewa da Larabci, a hankali, don kada in ce ban fahimta ba.

Ta ce, "Ummi, kin sani. Na faɗa miki, kika ce to da kai. Kifi na yafe. Amma in na ce miki likita ya ce kada a ba jaririya ruwa, kika ga tana kuka, kika ga kamar ƙishi take ji, ya za ki yi? In wani abu ya faru kuma na tambaye ki, me za ki ce mini?"

Na so in ce ba zan yi ba. Na duba zuciyata na ga dabino da zamzam da na riga na tanada, da tukunyar nan, da kanwar da na sa a kawo. Na san da na ga jaririya na kuka ba zan tambayi kowa ba. Ta kama hannuna ta riƙe har suka dawo.

Bayan haihuwa Sami ne ya sanar da ni, da ladabi. Ya ce likita ya ce saboda aikin da jinin kada ta yi nisa da asibiti, kuma babu wankan ruwan zafi, babu kanwa, don haka za ta yi arba'in a gidan mahaifiyarsa a cikin Ɗa'ifa. Na tabbata likitan ya faɗi haka. Na kuma tabbata a Makka ma akwai asibiti. Na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Ina zuwa duk mako. Ummu Sami mutuniyar kirki ce, tana tarbata da turare, ta zaunar da ni a falon baƙi, a kawo gahawa da dabino, sannan a fito mini da jikata a naɗe. Ina riƙe ta har ta motsa, in ta fara kuka a zo a karɓa. Ran nan na ga sun bar ta ba hula, maganar ta zo har bakin haƙorana, na haɗiye. Nuha na kallona. Da zan tafi ta rako ni har ƙofa da ƙyar tana dafa bango, ta ce in dawo ranar Talata. Da wannan nake rayuwa yanzu.

Sami ya zubar da ruwan birkar. Ya ce sai bayan salla zai ga ko maƙwabta na da irin kifin. Ban sa baki ba.

Na koma karatun Alhamis, don ba zan yi ta ciwon ƙarya ba har abada. Makon jiya bayan mun shafa fatiha, Tahani ta hawa na uku ta tambaya a gaban kowa yaushe mai jego za ta iso, ta ce ita fa tun tuni ta daka yajinta. Mata suka juyo suna jira. Tun daga gida na shirya abin da zan ce. Na yi niyyar in gaya musu cewa ba za ta zo ba kuma ni na ja, in ba su labarin tun daga farko, ko wata ta amfana. Na dubi fuskokinsu, matan da suke kawo mini ƙarar 'ya'yansu in yi musu faɗa. Sai na ji bakina ya ce likita ne ya hana.

Suka ce Allah sarki, suka yi ta ba ni haƙuri, wata har tana cewa likitocin yanzu ba su san darajar uwa ba. Na karɓi haƙurin, na ce na gode.

To kin ji, Safara'u. Waɗanda suka san gaskiyar a nan, daga ni sai 'ya'yana da Sami, a Kano kuma sai ke. Azumi ya ƙarato. In kin ɗaga hannu lokacin buɗa baki ki ambaci sunana, ba sai kin faɗi dalili ba.

Ki gaida Malam, ki gaida amarya Rim da ƙannenta. Allah ya sada mu da alheri.

Aminiyarki,
Mujahida